Zaɓen mai horarwa da tsara horo kan kula da masu cutar mantuwa

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce kuna da ma'aikata kusan 30 a gidan kula da tsofaffi, da yawan mazauna gidan na fama da cutar mantuwa, mutum 3 sun kawo tayin horarwa, kina son sanin wanda za ki ɗauka da yadda za a tsara abin.

Kafin ki duba takardun kowa, ki ɗauko littafin rahotonku na wata 3 da suka wuce. Ki ƙirga sau nawa wani ya faɗi ƙasa, sau nawa aka kai wa ma'aikaci duka ko cizo, da ƙarfe nawa, ana cikin wane aiki, mutum nawa ke ƙin abinci, sau nawa aka ba da maganin sa barci da dare don wani ya hana sakat. Wannan lissafin shi ne manhajarku. Mai horarwar da bai nemi ganinsa ba, bai kuma ce zai zo ya wuni yana kallon aikinku ba, darasin da ya saba karantawa ko'ina zai karanta muku.

Satifiket ba ya wadatarwa. Ki tambayi kowannensu yaushe rabonsa da yi wa mai wannan cuta wanka ko ba shi abinci da hannunsa. Sannan ki gwada su. Ki ce: wata tsohuwa kullum da la'asar sakaliya sai ta ƙulle kayanta ta tsaya bakin ƙofa, wai za ta wurin mahaifiyarta, alhali uwar ta rasu shekaru aru-aru. Me ma'aikaci zai yi? Wanda ya ce a gaya mata gaskiya bai san aikin ba, domin duk sanda aka faɗa mata sabon makoki ne gare ta. Wanda ya ce a ce mata "tana nan tafe" shi ma ya bar ta a ƙofa tana jira. Gwani zai fara da tambaya: ta ci abinci? Ta zaga bayi? Akwai inda ke mata ciwo? An kunna fitilu kafin duhu? Daga nan ya nuna yadda za a tsaya gefenta a ce, "Kina kewarta ko? Ba ni labarinta," a taka tare da ita har hankalinta ya kwanta.

Gwaji na biyu ya fi wannan muhimmanci. Dattijon da aka san shi da natsuwa, cikin kwana 2 ya rikice, yana sambatu ko yawan barci. Idan mai horarwa ya ce cutar ce ta ƙaru, ki sallame shi. Cutar mantuwa a hankali take tafiya. Rikicewar farat ɗaya galibi alamar wani ciwon ne daban, kamar ciwon mafitsara ko na ƙirji, taurin bayan gida, ƙarancin ruwa a jiki, ko sabon magani, kuma a ranar ake kiran likita. Ki ƙara da tambayarsa me ya sa ake tsoron ba mai nau'in cutar mantuwa da ake kira Lewy maganin taɓin hankali irin haloperidol. Ya kamata ya san yana iya sandarar da jikinsa, ya jefa shi cikin mawuyacin hali.

Wanda ya tsallake, ki ba shi minti 20 da ma'aikata 5, ki zauna a baya. Idan shi kaɗai ke magana yana juya hotuna a allo, ba shi ba ne. Likita yana da amfani na awa ɗaya, ya bayyana nau'o'in cutar (Alzheimer ce ta fi yawa, kashi 60 zuwa 70 cikin 100 a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya). Sauran kuwa ki ba nas ko mai kula da ya daɗe a bakin gado kuma ya iya koyar da manya.

Batun tsari. A Ingila tun 2015 matakai 3 suke bi, kuma rabon yana da ma'ana ko'ina: wayar da kai ga kowa har mai girki, mai shara da mai gadi, sai horo mai zurfi ga masu taɓa jikin marasa lafiya kullum, sai na shugabanni. Kada ki raina na mai gadi, shi ne zai fara cin karo da wanda ke neman fita. Bitar bincike da Claire Surr da abokan aikinta suka fitar a 2017 ta nuna horon da ya fi tasiri shi ne na gaba da gaba, wanda jimillarsa ta kai awa 8, kowane zama bai gaza minti 90 ba. Shawarata, kada ki cusa awa 8 ɗin a yini ɗaya. Ki yi zama 4 na awa 2, mako 2 a tsakani, mutum 10 a kowane rukuni, wato kowane zama a maimaita shi sau 3. Tsakanin zama da zama kowa ya ɗauki mazaunin gida ɗaya ya gwada abin da aka koya, ya dawo da bayani.

A yi kwaikwayo sosai. Ma'aikaci ya zauna a kujera, wani ya zo ta bayansa ba sallama ya fara cire masa riga, ko ya tsaya a kansa yana tura masa cokali kafin ya haɗiye na farko. Minti 2 na wannan ya fi dogon jawabi. Daga nan a koyar da daidai: a zo ta gaba, a sunkuya ido ya yi daidai da ido, a kira suna, umarni ɗaya a jimla ɗaya, a jira kamar daƙiƙa 10 kafin a maimaita. A wanka a ɗumama ɗaki, a rufe jiki da tawul a riƙa buɗe gefe-gefe, a bar wanke kai zuwa ƙarshe, domin ruwa a fuska ne ya fi tada faɗa. A cin abinci a zaunar da mutum a miƙe, a bar shi haka minti 30 bayan ya gama, tari ko muryar da ta jiƙe kuwa a kai rahoto.

Dole a saka gane ciwo a jikin wanda ba ya iya faɗa. Ma'aunin PAINAD abu 5 yake dubawa: numfashi, nishi ko kuka, yanayin fuska, motsin jiki, da ko yana lallasuwa, kowanne maki 0 zuwa 2. Da yawan abin da ake rubutawa "rigima" ciwon haƙori ne ko na gaɓoɓi. A kuma koya musu rubuta abin da ya faru kafin rigimar, ba rigimar kaɗai ba.

Inda ake yin asara sananne ne. Ana sa masu aikin dare zama da safe bayan sun kwana a tsaye, ba abin da ke shiga. Ba a tanadi masu riƙe aiki ba, sai a yi ta kiran mutane daga aji. Ana tura mutum 2 su koyo su dawo su koyar, ba a rage musu aiki ba, abin ya bi ruwa. Mafi muni, shugabar sashe ba ta halarta, gobe ma'aikaciya ta tsaya jiran amsar tsoho sai a daka mata tsawa ta yi sauri. Saboda haka shugabanni su fara shiga, kuma a sassauta dokar cewa sai an gama wa kowa wanka kafin wani ƙarfe.

A yarjejeniya ki rubuta cewa zai dawo bayan mako 6, da kuma bayan wata 3, ya tsaya wurin aiki yana gyara, ki riƙe wani kaso na kuɗinsa sai ya cika wannan. Ki sa ya bar muku darasin awa 2 na sababbin ma'aikata, a yi musu cikin makonsu na farko. Takardar "horo ya yi daɗi" da ake cikewa a ƙarshe ba ma'auni ba ce, lissafin nan na farko za ki sake ƙirgawa bayan wata 3. Idan kin ga rahotanni sun ƙaru a watan farko kada ki firgita, sau da yawa ma'aikata ne suka fara rubuta abin da a da suke bari ya wuce. Ki fi sa ido kan yawan maganin sa barcin da ake bayarwa da dare da kuma nauyin jikin waɗanda ke ƙin abinci.