Yarona Bai Taɓa Shiga Shagon Caca Ba, To Ina Jarin Ya Bi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Babban yarona shekararsa 23. Kawunsa ya ba shi jarin naira dubu 300 ya kafa rumfar POS a bakin titinmu. Bayan wata bakwai aka zauna lissafi, dubu 180 babu su babu dalilinsu. Da aka matsa masa sai ya fashe da kuka, ya ce caca ce a waya. Malam, yaron nan daga rumfa sai masallaci sai gida, ko sigari ba ya sha, ba wanda ya taɓa ganinsa a wurin 'yan caca. Maƙwabciyata ta ce jifa ne, mahaifinsa kuma ya ce a ƙwace wayar. Ta yaya mutum zai yi caca yana zaune a gabana? Mene ne abin yi?
Daga wata uwa, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya shirya mana zuri'a. Ki ajiye batun jifa, kada kuɗin boka su bi bayan na caca. Abin da ya sami yaronki yana da bayani.

Lokacin da muke samari, wanda zai yi caca sai ya sha wuya kafin ya kai gare ta. Zai nemi tsabar kuɗi a aljihu, ya taka zuwa bayan tasha inda 'yan karta ke shimfiɗa tabarma, yana tafe yana waiwaye kada abokin babansa ya hango shi. Masu cacar ƙwallon Ingila kuwa takarda suke cikewa, su jira har Asabar kafin su san makomarsu. Tafiyar nan, da jiran nan, da idon jama'a, su ne katangar da ta tsare da yawa daga cikinmu, ba wai mun fi yaran yanzu tsoron Allah ba ne. Wayar hannu ta rushe katangar gaba ɗaya.

Kamfanonin cacar wasanni irin su NairaBet da Bet9ja sun fi shekara goma suna aiki a Najeriya, kuma da shaguna aka fi saninsu a da. Abin da ya sauya shi ne hanyar biyan kuɗi. Da bankunan waya irin su OPay da PalmPay suka bazu, musamman bayan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 da ya sa har mai shayi ya buɗe asusu, sai aljihun mutum da teburin caca suka haɗu a cikin na'ura guda. Danni uku ko huɗu, kuɗi sun tashi daga nan sun faɗa can, ko da ƙarfe biyun dare ne. Kuma Hajiya, kuɗin da ba a ƙirga da yatsu ba ba sa ciwo lokacin fita. Ki ba yaro dubu biyar a hannu ki ce ya miƙa wa baƙo, zai yi jim. Lamba ce a fuskar waya? Ko gezau. Yaronki kuwa sana'arsa ke nan, wuni yake yi da jarin kawunsa a cikin wayar da manhajar cacar take. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Sai batun sauri, wanda a ganina shi ne ya fi cin mutane. Yanzu ba sai an jira Arsenal ta buga ba. Akwai wasannin ƙwallo na kwamfuta, ba ɗan Adam ko ɗaya a filin, ana gama kowanne cikin 'yan mintuna a sake sabo. Akwai wanda ake kira Aviator: ɗan jirgi ya tashi, ninkin kuɗinka yana hawa, in ba ka cire ba kafin ya ɓace an cinye, duk cikin daƙiƙu. Asarar da ɗan karta zai yi a wata guda, yaro zai iya yin ta tsakanin Magariba da Isha.

Na koyar da lissafi a sakandare shekaru masu yawa, don haka ki yi mini haƙuri in ɗan koma allo. A ce ƙungiyoyi biyu ƙarfinsu ɗaya, babu canjaras. Wannan ya sa naira 100 kan ta farko, wancan ya sa 100 kan ta biyu. Kamfani ya karɓi 200, ya biya wanda ya ci 190, alal misali. Goman nan tasa ce ko wa ya yi nasara. Yaranmu kuma ba wasa ɗaya suke sa wa ba, goma suke jerawa a tikiti guda don naira 200 ta zama dubbai. Idan ana cire biyar cikin ɗari a kowane wasa, a wasa goma rabon kamfani ya kai kusan arba'in cikin ɗari. Shi ya sa za ki ji su a gidan kallon ƙwallo suna cewa wasa ɗaya ne ya ɓata musu tikiti. Kullum wasa ɗaya ne. Wannan “saura ƙiris” ita ke mayar da su gobe, har ya zama ba riba suke nema ba, abin da ya tafi suke bi.

A nan Kano, Hisbah ta rufe shagunan caca 30 a watan Oktoban 2024, sannan a Nuwamban shekarar Kotun Ƙoli ta yanke cewa jihohi ne ke da hurumin tsara harkar caca, dokar caca ta tarayya ta 2005 kuma a Abuja kaɗai za ta yi aiki. Shago dai ana sa masa kwaɗo. Wanda ke cikin aljihun riga fa?

Hukuncin addini yaronki ya san shi, ya karanta aya ta 90 a Suratul Ma'ida, inda aka jera caca da giya. Likitoci ma haka suke kallon ta: Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin cututtukan da ake yi wa magani. Don haka faɗa kaɗai ba zai wadatar ba.

Ban goyi bayan ƙwace waya ba, ki gaya wa Alhaji da lalama. Zai ari ta aboki, ku kuma kun rasa hanyar sanin halin da yake ciki. Kuɗin za ku nisanta da shi. Asusun POS ya koma sunan kawunsa, saƙon shiga da fitar kuɗi ya riƙa zuwa wayar kawun, a yi lissafi kowane dare, ba bayan wata bakwai ba. Ya zauna gaban babansa ya nemi kamfanin ya rufe asusunsa na caca, goge manhaja kawai ba ya hana a sake sauke ta. Ku tambaye shi a natse ko ya ci bashi a manhajojin ba da rance, don sau da yawa abin da aka gani a lissafi ba shi ke nan ba. Dubu 180 ɗin kuma kada ki sayar da ɗan kunnenki ki biya a ɓoye, na san halin iyaye mata. Shi zai biya da guminsa, ko dubu goma-goma ne a wata. In kika ga barci ya ƙaurace masa, ko yana maganar gajiya da rayuwa, kada ki jira: ku kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

TAMBAYA: Malam, wani a Telegram ya ce yana da sakamakon wasannin da aka riga aka shirya, in tura dubu biyar ya ba ni. Gaskiya ne?
Daga wani ɗalibi, Gusau.

AMSA: Ɗana, wanda ya san sakamakon gobe me zai yi da dubu biyar ɗinka? Ga yadda suke yi: a ce wa rabin mutane ƙungiya kaza za ta ci, a ce wa sauran ɗayar ce. Waɗanda abin ya faɗa daidai sai a nemi su turo dubu ashirin don wasa na gaba, sauran kuma a toshe lambarsu. Ka sayi littafi da kuɗinka.