Karamar hukumar da ta fi karancin mutane a Amurka

Kai da ka tambaya wace karamar hukuma ce ta fi karancin jama'a a Amurka, to Loving ce, can yammacin jihar Texas kan iyakar New Mexico. Kidayar 2020 mutum 64 kacal aka samu, wallahi gidan biki daya ya fi su yawa, alhali fadin kasarta ya haura murabba'in kilomita 1,700, fako ne da kaya sai kogin Pecos da ya bi ta gefenta. Hedikwatarta Mentone. Sunan na Oliver Loving ne, wani mai fataucin shanu da ya rasu a 1867 bayan 'yan kabilar Comanche sun raunata shi. An taba rushe ta ma, sai 1931 aka maido da ita saboda man fetur, yanzu haka motocin ma'aikatan mai ne ke cika hanyoyinta.