Hukuncin Ɗora Jariri A Cinya A Gaban Mota Da Haɗa Shi Cikin Bel Ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da yaro ɗan wata takwas da yarinya 'yar shekara biyar. Idan za mu fita a mota nakan zauna gaba kusa da maigida, in ɗora yaron a cinya, in ja bel ya zagaye mu tare. Ita yarinyar tana baya, ba ta ɗaura komai. Na roƙe shi ya sayi kujerar yara, sai ya ce ajali ba ya gaba ba ya baya, kuma wani malami ya ce masa wannan dokar hukuma ce, ba ta addini ba. Shin muna da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah Ya raya miki su. Wajabcin kare rai da kula da amanar 'ya'ya ba abin da ake jayayya a kansa ba ne, don haka ba zan tsaya nan ba.

Abin da ya tsayar da ni a tambayarki shi ne cewa kina jan bel ɗin ya zagaye ki da yaron tare. Na san don ƙauna kike yi, amma daga yau ki daina, domin ya fi barinsa haka nan haɗari. Idan mota ta yi karo tana gudun kilomita 50 a awa, ƙarfin bugun daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10. A wannan ƙiftawar jikinki zai yi gaba da dukkan nauyinsa, bel zai ƙi sakewa, yaron kuma yana tsakani. Ke ce za ki matse shi. In kuma da hannu kawai kika riƙe shi, babu hannun da zai iya, fizge shi za a yi. Ga jakar iskar da ke gaban kujerar, wadda ke fashewa da gudun da kan kai kilomita 300 a awa, an yi ta ne don ƙirjin babba, kan jariri take tararwa. Wanda ya san wannan ya ci gaba alhali yana da mafita, ya yi sakaci da amana, kuma yana da zunubi. Abin da ya wuce cikin rashin sani, muna fatan Allah Ya yafe.

Sai maganar malamin da maigidanki ya jingina da ita. Masu wannan ra'ayi suna cewa haɗari ba tabbas ba ne, tafiya dubu ana dawowa lafiya, saboda haka ɗaura bel iyakarsa mustahabbi, dokar kuma ta ma'aikatan hanya ce. Wannan magana tana da rauni. Ba aukuwar haɗarin kaɗai shari'a ke dubawa ba, tana duba girman ɓarnar idan ta auku da sauƙin kauce mata. Nan ɓarnar rai ce ko shanyewar jiki, kariyar kuwa ɗaurin da bai kai minti biyu ba. Sannan ko da za a sassauta wa baligi a kan kansa, to jariri bai zaɓi shiga motar ba, kuma ƙa'ida ce a wurin malaman fiƙihu cewa waliyyi ba ya yin tasarrufi a kan wanda ke hannunsa sai da abin da ya fi maslaha. Uban da ba a yarda ya yi kasada da dukiyar ɗansa ba, ta yaya za a yarda ya yi da wuyansa? Batun cewa dokar hukuma ce, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta zauna a Brunei a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne a addini. Shi kuwa ajali, Manzon Allah (SAW) ya fi kowa saninsa, amma sulke biyu ya haɗa ranar Uhudu. Kuma maigidanki yana taka birki idan ya hango rami, bai taɓa cewa ajali ba.

Kujerar ma sai an sa ta daidai. Ta jariri ana kafa ta a kujerun baya, fuskarsa na kallon bayan motar, domin kansa ya yi wa wuyansa nauyi, kuma idan yana kallon baya bugun kan bazu a gadon bayansa gaba ɗaya. Kada a juya shi gaba kafin wata 15, in kujerar tana ɗaukarsa har shekara biyu ko fiye a bar shi. Bayan an ɗaure ta da bel ko ƙugiyoyin ISOFIX, wato ƙugiyoyin ƙarfe da ke maƙala kujerar yaro a jikin motar, ki girgiza ta daga gindi, kada ta motsa fiye da santimita biyu da rabi. Maɗauran su fito daidai kafaɗarsa ko ƙasa kaɗan, ki ja su har ki kasa tsunkuno su da yatsu biyu. Ki cire masa riga mai kauri kafin ɗauri, don takan lotse lokacin karo ta bar sarari. Bargo a sama ake rufawa. Kujerar da ta taɓa shiga haɗari mai ƙarfi a bar ta, ko ba a ga tsaga ba.

Ba ki tambaya sosai kan yarinyar ba, amma halinta ya dame ni. Wanda ba a ɗaure ba a baya jifa ake yi da shi, ya bugi na gaba ko ya fita ta gilashi. A shekarunta bel ɗin manya ba ya zama mata daidai, yakan hau ciki ya gogi wuya, kuma a karo yana iya fasa hanji ko saifa. Tana buƙatar kujerar ƙara tsawo har tsawon yarinyar ya kai santimita 135 aƙalla, ta yadda ɓangaren ƙasa na bel ɗin zai kwanta kan ƙashin ƙugu, na sama ya ratsa tsakiyar kafaɗa. Kada ki bari ta tura shi ƙarƙashin hammata ko bayanta, yara suna yawan yin haka. Ke ma idan kika samu juna biyu, bel na ƙasa ya bi ƙasan mara, ba kan cikin ba.

Game da maigida, kada ki mayar da abin gardama a cikin mota ko gaban yara. Ki nuna masa wannan amsa cikin ladabi lokacin da hankalinsa ke kwance. Sayen kujerar yana kansa, cikin ɗawainiyar 'ya'ya ne idan yana da hali. In kina da abin hannunki kika saya, kina da lada, kuma ba shi da hurumin hana ki. Kafin a samu, ku rage fitar da ba ta zama dole ba. Idan ta zama dole, ki koma baya, ki ɗaura bel a jikinki ke kaɗai, a ɗaura wa yarinyar nata, shi kuma ya sassauta gudu. Wannan rage sharri ne na ɗan lokaci, bai ɗauke wajabcin neman kujerar ba. Allah ne Mafi sani.