Tambaya da Amsa: A ina mai wasan kata ke zubar da maki?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 15 tana wasan karate ɓangaren kata, wanda mutum ke nuna jerin motsi shi kaɗai ba abokin karawa. Burinta ta kai gasar Afirka. Ba ta mance motsi ko ɗaya, amma makinta ya ƙi tashi. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Hadda ba ta kawo maki, domin duk wanda ya hau tabarma ya haddace. A gasar Olamfik ta Tokiyo da aka yi a 2021, alƙalai bakwai ne suka riƙa ba da maki daga 5.0 zuwa 10.0, kashi 70 na ingancin motsi, kashi 30 na ƙarfi da sauri da daidaito. Hukumar karate ta duniya, WKF, takan sabunta hanyar lissafin, don haka kocinta ya karanta dokar bana.

Ku ɗauke ta bidiyo daga gefe, ku dubi ƙafa kafin hannu. A tsayuwar zenkutsu dachi, wato ƙafar gaba a lanƙwashe ta baya a miƙe, diddigen baya yana ɗagawa? In tana taku, ƙugunta yana hawa da sauka? Nan makin ke zuba. Sai kime, wato naushi ya tsaya cak lokaci guda da ƙugu da numfashi. In hannu ya riga ƙafa isa, alƙali zai gani. Yara da yawa kuma suna bugun rigarsu ko dira ƙafa don a ji ƙara, su zaci ƙarfi ne, alhali laifi ne a doka.

Akwai abin da ke jawo kora kai tsaye: ta sanar da kata ɗaya ta yi wata, ta tsaya turus a tsakiya, ta ƙi rusunawa a farko ko ƙarshe, ko ɗamararta ta faɗi ƙasa. Abin takaici ne wahalar shekara ta tafi saboda ƙulli. Ta ja shi da kyau kafin a kira sunanta.

Tambaya: Kata nawa ya kamata ta tanada?

Amsa: Huɗu ko biyar, daga cikin 102 da WKF ta amince da su, saboda kowane zagaye da tasa. Kada a yi gaggawar ɗora mata kata masu wuya irin su Unsu ko Chatanyara Kushanku. Unsu tana da tsalle mai juyi, tangaɗi kaɗan wajen sauka ya ɓata sauran. Kanku Sho mai tsabta ta fi mata.

Yanzu tana rukunin 'yan 14 zuwa 15, kuma a kata ana shiga rukunin manya daga shekara 16. Hanyar ita ce gasar ƙasa, sai ta UFAK, hukumar karate ta Afirka. A can za ta haɗu da 'yan Masar, Maroko da Aljeriya, waɗanda suka fi ƙarfi a nahiyar. Ta riƙa kallon bidiyonsu tana lura da yadda suke rage gudu su sake ɗauka a cikin kata guda.