Hukuncin Koyon Ɗaukar Hoto da Gyara Shi a Kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne a Fagge, na sayi kyamara ina koyon sana'ar hoto. Ana koya mini daidaita haske da ISO (awon ƙarfin da kyamara ke kama haske), da gyaran hoto a manhajar kwamfuta mai suna Lightroom. Wani abokina ya ce duk mai hoto ɗan wuta ne. Ga masu kawo aiki kullum sai sun ce in ƙara musu hasken fata, wani ɗan Kantin Kwari ma yana so in ƙara wa atamfarsa launi. Mene ne hukuncin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, abokinka yana nufin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa masu yin sura suna cikin mafi tsananin azaba ranar kiyama. Hadisin ingantacce ne. Saɓanin malamai shi ne ko hoton kyamara ya shiga cikinsa. Shaihu Ibn Baz da Albani sun hana shi sai da larura, kamar fasfo. Shaihu Bakhit al-Muɗi'i, tsohon muftin Masar, ya halatta shi, don a wurinsa kame inuwa ne, ba ƙaga sura ba. A mazhabarmu ta Malikiyya kuwa, abin da aka yanke haramcinsa shi ne cikakkiyar surar mai rai wadda ke da inuwa, irin gunki. Halaccin hoton kyamara shi na fi rinjayarwa.

Duba abin da hannunka ke yi. In ka tsaya ɗaukar dawakai a Hawan Daushe, sai ka sa ƙiftawar kyamara ta yi sauri, kamar kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa, don doki ya fito a tsaye cak. Da rana tsaka ISO 100 ya ishe ka, bayan magariba ka ɗaga shi zuwa 1600. Ka buɗe ƙofar da haske ke shiga kyamara sosai, abin da ke bayan mutum ya dushe. Duk wannan awon haske ne kawai. Fuskar da ta fito halittar Allah ce, kamar yadda take fitowa a madubi.

Gyaran ne ke son tsayawa. Yanke gefen hoto, rage duhu, cire ƙurar hunturu da ta rufe Dutsen Dala, babu laifi. Amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa cusa hannunsa cikin tulin abincin wani ɗan kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Atamfar da ka ƙara wa launi har mai saye a Facebook ya ga abin da babu shi a shago, algus ne, kuma da kai a cikin alhakin. Daidaita launin ya koma yadda ido ke ganinsa, wannan ya halatta.

Haka hoton da za a tura wa mai neman aure. In ka wanke fata, ka tsuke hanci, ka share tabo, an yaudari bawan Allah (sau nawa ake kawo mana irin wannan rigima bayan an kai amarya!). Wanda mutum zai ajiye wa kansa ya fi sauƙi, ko da yake bari ya fi.

Kada ka ɗauki hoton mace ba da izininta ba, kada ka karɓi aikin da ke bayyana tsiraici. Kuɗin sauran aikinka halal ne.

Wallahu a'alam.