Amsa: Ɗana mai farfaɗiya ya daina shiga cikin yara

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Kin ce tun da ya faɗi a makaranta yake ƙunshe kansa a ɗaki, ke kuma barci ya ƙaurace miki. Ba taurin kai ba ne. Ciwon damuwa yakan bi masu farfaɗiya, tsangwama kuma ta ƙara rura shi. Har gobe wasu na gudun yawun mai ita, alhali ba a ɗaukarta.

Wasu magungunan farfaɗiyar ma, irin su fenobabiton, kan sauya halin yaro. Ki gaya wa likitansa, amma kada ki tsayar da maganin da kanki, faɗuwar na iya dawowa da ƙarfi. Ki samu malamin ajinsu ku yi magana. Gadin yaron da dare kuwa, ku riƙa karɓa-karɓa da babansa.