Kwikwiyona ciki ya yi tulu, haƙarƙari a waje

Tambaya: Salamu alaikum Likita, ya aiki. Dan Allah an ba ni kwikwiyo ne dan gadin gidan gona, satinsa bakwai, tun da aka raba shi da uwarsa nake jiƙa masa ɗumamen tuwo da madarar shanu safe da yamma, yana ci sosai wallahi amma kullum zawo, ciki ya yi tulu ga haƙarƙari ana ƙirgawa. Wani ma ya ce in riƙa zuba masa barkono wai ya fi zafi in ya girma. Ya zan yi? Mai karatu daga Funtua.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Barkonon nan dai ka manta da shi, ba ya sa kare zafi, hanjinsa kawai zai ƙona.

Cikin da ka ga ya kumbura ba ƙoshi ba ne, galibi tsutsar ciki ce, yawancin 'yan kwikwiyo da ita ake haihuwarsu ko su sha ta a nonon uwa. Ka kai shi asibitin dabbobi a auna nauyinsa a ba shi maganin tsutsa, ana maimaitawa duk sati 2 har ya kai sati 12, daga nan duk wata har wata 6. Zawon kuma madarar shanun ce na fi zargi, cikin kare ba ya narkar da ita da kyau, ka tsayar da ita yau ɗin nan, ruwa mai tsabta ya ishe shi.

Inda nake so ka tsaya ka ji shi ne tuwon. Tuwo kaɗai cika ciki ne, shi kuwa wannan ɗan abin yanzu yake gina ƙashi da tsoka, dole ya samu dafaffen ƙwai, nama ko kifi da aka tsince ƙayarsa tas, a murmushe a cakuɗa da shinkafa ko tuwon da ɗan ruwan ɗumi ya yi laushi kamar fate. Hanta kaɗan kaɗan, ba kullum ba. In da hali ka sayi abincin kwikwiyo na buhu ka riƙa jiƙa masa, shi an riga an haɗa komai har da sinadarin ƙashi. Kuma sau biyu ya yi kaɗan Malam, cikinsa bai fi dunƙulen hannunka ba, sau 4 a rana har wata 3, sau 3 har wata 6, sannan ka dawo sau 2.

Ragowar miyar gida kuwa a'a, saboda albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini, haka cakulet da goro guba ne gare shi, ka ja kunnen yaran gona. Ƙashin kaza dafaffe shi ma tsagewa yake ya soke hanji.

Da ka je asibitin ka tambayi allurar fabo, wato rigakafin cutar nan mai sa kwikwiyo amai da zawon jini, ana farawa daga sati 6 zuwa 8, ta haukan kare kuma sai ya cika wata 3. In ka ga jini a zawon ko amai ko ya ƙi cin abinci, kar ka bari ya kwana a gida.